Durƙuson da Na Kasa Tashi a Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je nema wa ƙanena aure a Jiratawa ba. Ko da ma na so in manta, akwai mutum huɗu zuwa biyar a danginmu da suka ɗauki tuna min a matsayin aikinsu, kuma ba sa fashi.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata kwaleji a nan Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya. Ɗalibai Mushe suke ce min, wato malam da Faransanci, kamar kowane malamin lakwal, makarantar boko ke nan, har sunan ya biyo ni gida. To da yake a ajina akwai wani babban hoton ƙwarangwal da nake nuna wa yara sunayen ƙasusuwa da shi, sai dangi suka yanke cewa ni rabin likita ne. Wanda aka rubuta wa magani ya kawo min takarda in karanta, wadda ɗanta ke zazzaɓi ta kira ni a waya. Da farko nakan ce su je asibiti. Daga baya abin ya fara yi min daɗi (wa ba ya son a tambaye shi?), na daina cewa ban sani ba. In ban sani ba sai in gyara murya, in faɗi abin da na tsinta a saƙon murya na waya, in yayyafa masa kalma biyu ta Faransanci, magana ta zauna.

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan ilimi nawa ita ce kakata, Hajiya Tabawa, mahaifiyar babanmu, da ke zaune a Tibiri. Kaka muke ce mata, ita kuma maigida take ce min, wasan jika da kaka tun ina rarrafe. Ta wuce saba'in da nisa, amma da ƙafarta take zuwa kasuwa, ita ke ba awakinta harawa, ita ke zagaya unguwa gaishe-gaishe. Sanyin ƙashi ya daɗe da kama mata gwiwoyi, da safe sai ta ɗan jima tana murza su kafin ta miƙe. Wata shekara da ciwon ya matsa mata, na hau babur na je Tibiri, na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na kafa mata dokoki. Kada ta ƙara taɓa ruwan sanyi, ko alwala sai da na ɗumi. Kada ta sha kunun tsamiya, don tsami na cinye ƙashi (har yau ban san inda na samo wannan ba). Sai babbar dokar: ta daina yawo, ta zauna wuri ɗaya ƙashi ya huta.

Ta ce, "Maigida, har kasuwar?"

Na ce, "Har kasuwar. Gwiwa kamar tayar babur take, Kaka, yawan tafiya ke cinye ta."

Ta bi maganata, Allah sarki. Wata uku tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Jikinta ya yi nauyi, gwiwoyin suka ƙara sandarewa, har ta kai sai an kama ta take zuwa ban ɗaki. Matar da in na shigo take tarbar ni da tsiya sai ta koma amsa gaisuwa kawai. Da aka faɗa min, na girgiza kai irin na masana, na ce ai tsufa ne.

Ni kuma a daidai wannan lokacin akwai abin da nake ɓoyewa. Wata safiya na tashi babban ɗan yatsan ƙafata ta dama ya kumbura, ya yi ja yana ƙyalli, ko mayafi ya taɓa shi sai in ji kamar an ɗora min garwashi. Na ce wa matata bugewa na yi wajen tada babur. Bayan kwana biyar ya lafa. Bayan wata biyu ya dawo, wannan karon ya haura gwiwa, na ce ƙwallo na buga da ɗalibai (rabona da ƙwallo tun kafin in yi aure). Can cikin raina na san gaɓa ce ke ciwo, amma shekarata talatin da bakwai, kuma ni ne mutumin da ke gaya wa kowa cewa ciwon gaɓoɓi na tsofaffi ne. Yaya zan bi layin asibiti da tsofaffi, ɗaya daga cikin iyayen ɗalibaina ya gan ni? Sai na riƙa sayen ƙwayoyi wurin mai tebur a bakin tasha, ina haɗiyewa a ɓoye, ina ci gaba da zaman fada da la'asar, inda ba a rasa tsire da kayan ciki da lemon kwalba mai sanyi.

Ana cikin haka ƙanena Nasiru ya ga yarinya a Jiratawa, Zuwaira, ɗiyar wani mai lambu da ake kira Malam Isa. Babanmu ya rasu, don haka tafiyar neman auren ta faɗo kan ƙanensa, Baba Sale, da ni a matsayin babban wa. Kaka ta aiko cewa ita ma da ita za a je, don kakar yarinyar ƙawarta ce tun suna ƴan mata. Nasiru ya zo har gida ya roƙe ni. Ya ce mutanen masu kamun kai ne, suna duban tarbiyya fiye da komai, don Allah in yi magana kaɗan. Na yi dariya na ce ya kwantar da hankalinsa.

Ranar Juma'a, jajibirin tafiyar, maƙwabcina ya yi suna, ya yanka rago biyu. Ba zan faɗi yawan abin da na ci ba. Safiyar Asabar na farka gwiwata ta dama ta yi kamar gwanda. Na ɗaure ta da tsumma, na zura wando mai faɗi, na jefa babbar rigar shadda fara a sama, na haɗiye ƙwaya biyu. Motar wani abokin Baba Sale muka ɗauka, muka fara biyawa Tibiri.

Abin da na gani a ƙofar gidan Kaka ya kamata ya sa in yi tunani, amma bai sa ba. Ta fito da kanta, da ƴar sanda a hannu, ba mai riƙe da ita, ta shiga mota ta gyara mayafi. Maimakon in tambayi yadda aka yi, sai na juya wurin Baba Sale na ce, "Ka ga amfanin hutu ko, Baba?" Kaka ta juya tana kallon waje. Sai da muka wuce Maraɗi muka kama hanyar Jiratawa ta leƙo ta dubi yadda na miƙe ƙafa ɗaya.

"Mi ya sami ƙafarka, maigida?"

"Takalmi ne sabo."

"Takalmin a gwiwa ka sa shi?"

Na yi kamar ban ji ba.

Gidan Malam Isa yana bayan gari kusa da lambuna, hanyar duk rairayi, dole muka bar mota a bakin titi muka taka. Na riƙa tafiya a hankali ina nuna kamar ina sha'awar fadamar ne, ina tambayar sunan kowace shuka. Kaka ta wuce ni da sandarta.

An shimfiɗa wa maza tabarmi ƙarƙashin wata bishiya a ƙofar gida, Kaka ta shige ciki wurin mata. Allah ya taimake ni akwai benci, na yi sauri na zauna a kai kafin a nuna min tabarma. Aka gaisa, aka kawo ruwa da fura, Baba Sale ya gabatar da abin da ya kawo mu, aka amsa da kyakkyawar magana, aka ce za a shawarta da dangi. Da a nan na yi shiru, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma Malam Isa, da zai gyara zama, ya dafa gwiwarsa ya ɗan yamutsa fuska, sai Baba Sale ya ce, "Ai ga masani nan mun zo da shi. Shi ya warkar da tsohuwarmu."

Na gyara murya. Na yi musu bayani cewa tsayuwa cikin ruwan ban ruwa ce ke sa sanyi ya ratsa ƙashi ya zauna. Na ce su hana yara ƙwanƙwasa yatsu, don shi ke jawo ciwon in an girma. Na kawo maganar tsamiya. Dattawa suna ta gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara hawa. Sai wani ya tambaya ko ciwon yana kama matasa. Na yi murmushi na ce, "Sam. Duk matashin da ya ce maka yana da sanyin ƙashi, aiki ne ba ya so. Ragwanci ne kawai aka sa wa suna."

Malam Isa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. A can gefen tabarma akwai wani saurayi da bai wuce shekara talatin ba, wanda tun zuwanmu yake zuba mana ruwa, sai na ga ya janye hannuwansa a hankali ya tura su cikin aljihun riga. Kafin su ɓace na ga yatsun. Sun karkace gefe guda, gaɓoɓin sun yi ƙulli-ƙulli. Baba Sale ya matso kunnena ya ce, "Lawali ke nan, wan yarinyar."

Na so ƙasa ta tsage. Ban san lokacin da na fara yabon furar gidan ba, har sau uku. Malam Isa, dattijon kirki, shi ya cece ni, ya ce, "Mushe, shiga ka gaida iyaye mata, suna jiranka."

Na shiga tsakar gida ina ɗingishi a ɓoye. Mata sun fi goma ƙarƙashin wata rumfar kara, ga mahaifiyar Zuwaira, ga gwaggwanninta, ga kakarta zaune kusa da tamu Kakar. Kowa ya san yadda ake gaida surukai. Kuma bayan ɓarnar da na yi a waje, na ƙudura cewa aƙalla a nan zan nuna tarbiyya. Na cire takalmi, na cije, na durƙusa har ƙasa.

Saukar ta yiwu. Ina kaiwa ƙasa na ji wani abu ya soke ni daga gwiwa har tsakiyar kai, na kuma gane nan take cewa ba zan iya tashi ba.

Na gaishe su, suka amsa. A al'ada nan ya kamata in miƙe in fita. Na gwada a ɓoye, ƙafar ta ƙi. Sai na sake sabuwar gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara. Suka amsa. Ina aikin lambu, ina ruwa, ina zafi. Suka amsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaida kowace da kanta. Na tambayi lafiyar waɗanda ke Najeriya, alhali ban san ko suna da kowa a can ba (ashe suna da shi, aka ba ni labarinsa). Gumi na zuba ta cikin hula. Na ji wata gwaggo tana ce wa ta kusa da ita, "Kin ga ɗan mutunci. Yaran yanzu ko rusunawa ba su yi." Da gaisuwar mutane ta ƙare min, wallahi sai da na tambayi lafiyar awaki.

Suna kallona, ina kallon ƙasa. Na ga ba makawa. Kusa da ni akwai sandar da ta tallafi rumfar, na kama ta da hannu biyu, na yi bisimilla a zuci, na ja jikina sama da dukkan ƙarfina. Sandar ce ta taso, ni ban tashi ba. Gefen rumfar ya rusuno, kuma ashe a samanta an shanya zogale, buhu-buhu na ganye. Duk ya zubo min a ka. Na koma zaune daɓas a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, hula a gefe, farar shaddata ta koma kore, ina wani nishi da ban taɓa sanin ina da irinsa ba.

Ba wanda ya ji rauni, sai dai mata sun watse suna salati. Cikin ƙurar ganyen na ga Kaka ta dafa ƙasa, ta miƙe da kanta, ta tako har inda nake. Ta sa kan sandarta ta ɗage min riga, ta ja ƙafar wando sama a gaban surukan ƙanena, ga gwiwa nan ɗaure da tsohon zanen matata mai furanni.

Ta dube ta da kyau, ta ce, "To. Takalmin ke nan." Sai ta juya wurin ƙawarta. "Kin gan shi nan, shi ne likitan nawa."

Dariyar da matan suka riƙe tun ina gaida awaki ta ɓalle gaba ɗaya. Har Zuwaira, da ya kamata a ce tana ɓoye a ɗaki, na hango ta bayan labule tana toshe baki.

Maza suka shigo da gudu. Baba Sale ya kama hannuna zai fizge ni sama, na yi ƙara. Sai na ji wata murya a hankali tana cewa, "Baba, ba haka ba, za ka ƙara mishi ciwo." Lawali ne. Ya durƙusa ta gefen ƙafar mai ciwo, da yake yatsunsa ba sa riƙo da ƙarfi sai ya saƙalo damtsensa ƙarƙashin hammatata. Ya ce, "Mushe, kada ka taka wagga. Sa nauyinka duka a kaina, ka tashi da mai lafiyar. Kada ka yi sauri, na san yadda take yi." Haka ya ɗaga ni. Bai ce komai ba game da maganata ta waje, kuma wannan shirun ya fi rumfar nauyi a kaina. Da yake ba zan iya taka rairayin nan ba, a amalanken jaki aka ɗora ni zuwa bakin titi, ni da babbar riga da ganyen zogale a gemu, mutanen lambu suna ɗago kai suna yi min sannu.

Daga can asibiti aka wuce da ni a Maraɗi. Aka ɗebi jini, aka duba gwiwar. Likitar, wata mace da ba ta kai ni shekaru ba, ta ce ciwona shi ne wanda ake kira gut da Faransanci. Wani sinadari ne ke yin yawa a jini, ya taru a gaɓa kamar ƴan ƙananan allurai, kuma yawan nama da kayan ciki da lemon kwalba na tayar da shi, ga gado ma yana taka rawa. Ta ce maza masu irin shekaruna take yawan gani da shi. Na yi ƙarfin hali na ce ai na ɗauka sanyi ne. Ta ce sanyi na iya sa mai ciwon ya ƙara jin jiki, amma ba shi ke kawo shi ba, ruwan alwala ma haka, ƙwanƙwasa yatsu ma haka. Ta ce ciwon gaɓoɓi iri-iri ne. Akwai na goguwar guringuntsi, wanda ya fi kama manya. Akwai wanda garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa gaɓoɓinsa, shi kuma ba ruwansa da shekaru, har yara yana kamawa, kuma in an fara magani da wuri ana iya tare shi kafin ya lanƙwasa yatsu. Kowane da nasa magani. Sannan ta tambaye ni aikina. Na ce ina koyarwa. Ta ce me nake koyarwa. Na ce, a hankali, tarihi.

Kaka na zaune a kujerar gefe duk tana ji. A nan na sami labarin yadda ta miƙe. Maƙwabciyarta Madam Rahila, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce daga cikin Kiristocin Tibiri, shekara arba'in suna musayar tuwon salla da na Kirsimeti. Ita ce ta shigo wata rana ta same ta a tabarma, ta tambayi wanda ya ce ta zauna, ta yi tsaki, ta sa ta a mota zuwa asibiti. Aka ba ta magani, aka koya mata motsa gwiwa tana zaune, aka ce ta riƙa tafiya kullum daidai ƙarfinta, don zaman ne ke ƙara sandarar da gaɓar, naman cinya kuma ya saki. Wata biyu ke nan suna zagaya unguwa tare bayan sallar asuba.

Na ce, "Kaka, me ya hana ki gaya min?"

Ta ce, "Na ga kana jin daɗin likitancin. Ban so in kashe maka kasuwa."

Na yi dariya, amma a raina ba dariya nake ba. Wata uku na zaunar da tsohuwar nan saboda kawai ina jin kunyar cewa ban sani ba.

Nasiru ya yi kwana huɗu ba ya ɗaukar wayata, kuma ban ga laifinsa ba. Da ƙafar ta sauka, na koma Jiratawa ni kaɗai, na sami Lawali a lambu yana buɗe wa albasa ruwa da gefen ƙafa. Na ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce tun yana ɗan shekara sha tara abin ya fara masa, an yi ta kai shi wurin masu tsaga da masu hayaƙi ana cewa jifa ne, sai da yatsun suka lanƙwashe aka je asibiti. Ya ce kalmar rago kuwa ya ji ta daga bakin mutanen da suka fi ni kusa da shi, ya saba. Sai ya ɗan yi murmushi ya ce, "Amma kai kaɗai ne Allah ya kama tun ba ka bar gidan ba."

An ba Nasiru Zuwaira. Malam Isa ya ce wa Baba Sale shi bai ga abin ƙi a gidan da jika ke kula da kakarsa ba, ko da kulawar ta karkace. Ni na gyara musu rumfar, wato na tsaya ina kallo Lawali yana nuna wa masu gyaran inda za su kafa sanda.

Yanzu ina shan maganina, na rage zaman kusa da mai tsire, kuma duk wanda ya kawo min takardar magani ina karanta masa abin da aka rubuta ne kawai, in ya ƙara tambaya in nuna masa hanyar asibiti. Ashe cewa ban sani ba ba ta kashe mutum, na gwada ta a gaban aji guda kuma na fito da raina. Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Duk ranar da na je Jiratawa, tun ina bakin ƙofa ake rugowa da kujera, mahaifiyar Zuwaira tana cewa daga ciki, "Mushe, zauna, zauna, mun yafe durƙuson. Kowa lafiya, har awaki."